Zancen Iyali: Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

 

A wannan wata za mu yi magana a kan wani abu da ya kan same mu jefi-jefi, amma ba safai mu kan shirya masa ba. Watau ranar da babban ɗan siyasa ya zo garinmu, ko kuwa mu muka je wurinsa, har muka tsaya gaba da gaba da mutumin da muka saba jin muryarsa a rediyo kaɗai. Zaɓen 2027 yana tafe. Mun san abin da ya kan biyo baya. Motocin da shekara uku ba su san hanyar Kokiya ko Leni ko Alajawa ba za su neme ta, su kuwa same ta.

Kowa ya san yadda irin wannan rana ta kan kasance. Tun hantsi an kafa rumfa, an jera kujeru, makaɗa da maroƙa sun kama aiki. Mata sun bar daka, maza sun bar gona, yara sun hau itatuwa. Sai wajen la'asar a ji jiniya, ƙura ta tashi. Babban baƙo ya sauko, ya yi jawabi na ɗan lokaci, ya miƙa wa mutum biyar ko goma hannu, ya koma mota. Da dare a dandali sai a tambayi wanda ya yi sa'a, "Ka gan shi?" Ya ce, "Na gan shi mana, har ya kama hannuna, har aka ɗauke mu hoto." A sake tambayarsa, "To, me ka faɗa masa?" Nan fa sai ya yi shiru, gama bai faɗa masa kome ba sai gaisuwa.

Tsofaffi suka ce ganin Dala ba shiga birni ba ne. Mutum ya kan hango dutsen tun daga nesa, alhali da sauran tafiya. Haka nan ganin babban mutum. Gani dabam, biyan bukata dabam.

Mintin nan ba naka ba ne kai kaɗai

Bari mu yi ɗan lissafi. Shanono ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, tana da mazaɓu 10. A ƙidayar 2006 an sami mutum wajen dubu 140 a cikinta, yau kuwa mun fi haka nesa. Da a ce babban mutum zai ba kowanenmu minti ɗaya tak, bisa ga wancan tsohon adadi ma, sai ya yi kwana 97 yana zaune dare da rana bai runtsa ba. Ga shi kuma ba mu kaɗai ne a kansa ba. Da mutanen Bagwai mu ke tarayya a kujera ɗaya ta Majalisar Wakilai a Abuja, da kujera ɗaya ta Majalisar Dokoki a Kano. Sanatan Kano ta Arewa kuwa, ƙananan hukumomi fiye da 10 ke kansa. Balle gwamna.

Ashe ke nan wanda ya sami minti biyu a gaban irin wannan mutum ya sami rabon mutane da yawa. Akwai matar da ta haihu a kan hanyar asibiti, akwai malamin da ke koyar da yara a gindin itace, akwai manomin da takin zamani ya fi ƙarfinsa. Ba su sami shiga ba, kai ka samu. In ka kashe mintin nan a kan kirari da hoto, ko a kan roƙon kuɗin cefane, ba naka kaɗai ka kashe ba.

Yadda a ke ganin manya a da

Domin mu gane darajar wannan dama, ya kamata mu tuna yadda kakanninmu su ke ganin masu mulki. A zamanin En'e talaka ba ya zuwa gaban hakimi sai an kira shi, kuma kiran ba safai ya kan zama na alheri ba. Tun daga nesa zai tuɓe takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa, kansa a ƙasa. Sau da yawa ba shi zai yi magana ba, bafade ne zai ɗauki maganarsa ya kai, ya ɗauko amsa ya kawo. Bayan girbi ga haraji a kan kowane baligi, ga jangali a kan kowace saniya. Wanda bai iya biya ba ya kan sayar da hatsin da zai ci da damina, ko akuyarsa, ko kuwa ya gudu ya bar gida. Banda wannan akwai aikin tilas, akwai kuma gaisuwa, wadda sunanta ne kyauta amma ba a isa a ƙi ba.

A cikin wannan hali ne mutum takwas suka taru a Kano ran 8 ga Agusta 1950 suka kafa jam'iyyar NEPU, mai alamar tauraro, mai kirarin Sawaba. A lokacin Malam Aminu Kano yana koyarwa a makarantar horad da malamai ta Maru. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aikin gwamnati ya komo Kano, a 1953 kuma ya zama shugaban jam'iyyar.

Malam ba ɗan talaka ba ne. An haife shi a birnin Kano a 1920, a gidan malamai da alƙalai. Ya yi karatu a kwalejin Katsina da ta koma Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauci, aka kuma aika da shi London ƙaro ilimi a 1946. Da ya so, da ya zauna a inuwar sarauta har ya mutu. Maimakon haka sai ya shiga koya wa talakawa cewa su ma mutane ne, su san iyakar abin da doka ta ɗora musu, su daina faɗuwa ƙasa a gaban ɗan'adam. Wannan koyarwa ta jawo wa mabiyansa duka da ɗauri da tara a kotunan alƙalai, waɗansu aka kore su daga garuruwansu.

Gidan da ke Gwammaja

Abin da ya sa muka kawo labarinsa shi ne yadda a ke ganinsa. Har yau a ƙauyukan ƙasar Kano akwai tsofaffi da suka gan shi ido da ido, ko a wurin taro, ko a gidansa na unguwar Gwammaja. Ku tambaye su. Gidan ba fada ba ne. Manomi da ɗan dako da malamin makaranta su kan shiga su zauna su faɗi abin da ya kawo su. Wannan kuwa mutum ne da ya zauna a Majalisar Wakilai ta Tarayya daga 1959, ya riƙe kwamishinan sadarwa, daga baya na lafiya, a gwamnatin Janar Yakubu Gowon, ya kuma tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 a jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi. Duk da haka tufafinsa farare ne marasa ado, ba shi kuwa da dukiyar da zai raba wa masu zuwa.

To, in ba kuɗi, me mutane su ke komawa gida da shi? Su kan koma da sani, da ƙarfin hali, da aikin yi. Misali ga Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933. Tana yarinya ta shiga NEPU, ta zama shugabar matan jam'iyyar, aka ɗaure ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, saboda tana tara mata tana yi musu magana a kan karatu, da auren ƙuruciya, da 'yancin jefa ƙuri'a. A lokacin matan Arewa ba su da ƙuri'a, ko da ya ke na Kudu suna da ita. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe musu, suka kuma fito a babban zaɓen 1979. Uwar gida, katin zaɓen da ke cikin adakarki, akwai waɗanda suka kwana a kurkuku kafin ya zo hannunki.

Ga kuma babban misali. A 1979 PRP ta ci Jihar Kano da Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da maƙwabtanmu na ƙasar Katsina. Da hawan Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi a watan Oktoba sai ya soke haraji da jangali, Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Daga 1950 zuwa 1979 shekara 29 ke nan. Mutanen da suka yi ta zuwa wurin Malam cikin shekarun nan ba su komo da fam ko sule a aljihu ba. Kuka ɗaya suka yi ta kaiwa, na kowa da kowa, har aka sauke wa kowane gida a ƙasar Shanono kayan da kakanni suka ɗauka tun kafin a haifi iyayenmu. Wanda ya je taro da wanda bai je ba, ɗan PRP da ɗan NPN, Musulmi da Kirista da Bamaguje, duka suka huta. Da kowane mai zuwa ya roƙi kuɗin harajinsa na bana kaɗai, da an biya wa kaɗan, baɗi kuma a sake bi.

Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983. Gidan nan nasa yanzu yana hannun Jami'ar Bayero, ana kiransa Gidan Mambayya, ana nazarin mulkin dimokuraɗiyya a cikinsa. Babban filin jirgin sama na Kano da asibitin koyarwa duka sunansa su ke ɗauke da shi. Wanda ya shiga birni da 'ya'yansa, ya kyautu ya bi da su ta Gwammaja su ga inda mutumin ya zauna.

Shi ma mutum ne

Kada wani ya ce muna mai da ɗan siyasa waliyyi. Ko a gidan Malam an yi rigima. Tun daga 1980 PRP ta rabu biyu, 'yan Santsi a bayan gwamnoni, 'yan Taɓo a bayan Malam. Waɗanda jiya su ke cin tuwo a akushi ɗaya suka koma zagin juna a dandali, har ta kai wa da ƙane ba sa gaisawa. A 1983 Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi, bayan wata uku kuma soja suka karɓe mulki ran 31 ga Disamba, kowa ya koma gida. Tun daga nan har yau mun ga manya sun ɓata, sun shirya, sun sake jam'iyya, sun sake hula, talakan da ya fasa kan maƙwabcinsa dominsu kuwa yana nan da tabonsa.

Saboda haka in mun tsaya a gaban babban mutum, mu tuna abu biyu. Na ɗaya, yana riƙe da muƙami, muƙami kuwa ya cancanci girmamawa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, gaisuwa ta ladabi ba ta rage kowa da kome. Na biyu, mutum ne kamarmu, ya kan ji yunwa, ya kan manta, ya kan yi kuskure, wata rana kuma zai sauka. Ba daga aljihunsa ya ke gina asibiti ba, daga baitulmalin jama'a ne. In mun kai masa kukan gari ba bara mu ke yi ba, aikin da ya roƙe mu mu ba shi ne mu ke tuna masa.

Kowace jam'iyya a Kano yau tana kiran sunan Malam Aminu. Ba laifi. Amma ga ma'auni mai sauƙi da kowane gida zai iya auna mai neman ƙuri'a da shi: bayan zaɓe, a ina a ke ganinsa, kuma wa ya ke iya ganinsa? A Ingila 'yan majalisa su kan ware rana su zauna a mazaɓarsu, a wani ɗaki da kowa ya sani, duk mai kuka ya zo ya faɗa. Ba abin da ya hana mu tambayi namu, tun yana neman ƙuri'a, wace rana ce tamu, a wane wuri kuma.

Kafin ranar

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a kan gane ta. In an ji babban baƙo yana tafe, ga abin da mu ke ba da shawara a yi.

A zauna tukuna. Masu gida su zauna, zumuntar mata ta zauna, matasa su zauna, sa'an nan a haɗu da maƙwabta, da sanin mai unguwa da dagaci. Rijiya ba ta tambayar addinin mai guga, hanya kuma ba ta tambayar jam'iyyar mai jaki. Kukan da gari duka ya sa hannu ya fi na unguwa ɗaya nauyi, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A zaɓi bukata biyu, in ta yi yawa uku. Wanda ya kai goma ba a kan riƙe ko ɗaya ba. A kuma faɗe ta da adadi. Kada a ce "muna fama da matsalar ruwa", kowa yana faɗin haka. A ƙirga a ce gida kaza ne ke shan rijiyar burtsatse ɗaya, ta lalace tun wata kaza, mata suna tafiyar kilomita kaza. A ƙirga yaran da ke aji ɗaya, da malaman da ke makarantar, da azuzuwan da iska ta yaye wa rufi.

A san wanda ke riƙe da me. Wannan ne wurin da mu kan yi asarar dama tamu. Makarantar firamare, da ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, da kasuwa, da hanyoyin ƙauye, ƙaramar hukuma ce ta fi kusa da su, tare da gwamnatin jiha. A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka muna da dalilin tambayar shugaban ƙaramar hukuma da kansila nawa ya shigo, ina kuma ya tafi. Makarantar sakandare da babban asibiti da manyan hanyoyin jiha na gwamna ne. Soja da 'yan sanda na gwamnatin tarayya ne. Ɗan majalisa kuwa, babban aikinsa yin doka ne, da sa hannu a kasafin kuɗi, da bin sawun yadda aka kashe. Roƙon da ya dace da shi shi ne ya sa aikinmu a kasafi, ya kuma ɗaga muryarmu a zauren majalisa. Mun ɗanɗana rashin wannan murya: ɗan majalisar jiha na Bagwai da Shanono ya rasu a watan Afrilu 2024, ba a cike gurbinsa ba sai a watan Agusta 2025. Fiye da shekara guda kujerarmu ba kowa a kai.

Batun tsaro ya isa misali. A 2025 'yan bindiga suka riƙa ƙetarowa daga wajen iyakar Katsina suna afka wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, suna kore shanu, suna ɗauke mutane, mutanen wajen Faruruwa sun sani. Kansila ba shi da soja. Amma yana iya kai rahoto, ɗan majalisar tarayya da sanata suna iya matsa wa hukumomin tsaro a Abuja, gwamna yana iya taimakon jami'an da motoci da gyaran hanyar da za su bi. Kowane ɗaya a roƙe shi abin da ke hannunsa, kada a ba shi ƙofar cewa wannan ba nasa ba ne.

A rubuta a takarda, shafi ɗaya, da kwanan wata da sa hannun dattawa. A yi kwafi uku: ɗaya na baƙo, ɗaya na dagaci, ɗaya a ajiye. Sa'an nan a zaɓi masu magana, mutum biyu ko uku, a cikinsu lalle da mace. Ita ta san nisan rijiya, ita ta san abin da a ke tararwa a asibiti da tsakar dare. Kada a zaɓi mai magana don girman rigarsa. A zaɓi wanda ba ya rawar baki, ba ya kuma neman wani abu na kansa.

A gabansa

A yi gaisuwa yadda ta kamata: "Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, mun gode da ka tako." Ya isa. Kirari aikin maroƙa ne, an kuwa biya su. A faɗi sunan gari, a faɗi bukata, a miƙa takarda a hannunsa, ba a hannun ɗan rakiya ba in da hali. Ba zagi, ba gori, ba ɗaga murya. Mai zagi ya ba shi hujjar tashi.

Kusan kullum amsar ita ce, "In Allah ya yarda za a duba." Amsa ce mai kyau, amma ba a kama ta da hannu. Sai a ƙara tambaya biyu cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, wa za mu gani a ofishinka a kan wannan? Yaushe kuma za mu zo?" A rubuta sunan, a rubuta ranar, a gaban jama'a. Mutumin kirki ba zai ji haushin wannan ba, zai ma gane yana magana da mutanen da suka san abin da su ke yi.

Ambulan da atamfa

Yanzu ga wuri mai wuya. Bayan an tashi, sau da yawa a kan miƙo ambulan, ko a sauke atamfa da sabulu da taliya. Mun san halin da gidaje ke ciki, ba za mu zauna a inuwa mu zagi mai jin yunwa ba. Amma mu yi lissafi. Wa'adin mulki shekara 4 ne, watau wata 48. In an ba mutum naira 5,000 don ƙuri'arsa, abin bai kai naira 105 a wata ba. A kan wannan ne zai sayar da bakinsa a kan makarantar 'ya'yansa da asibitin matarsa? Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya karɓa don ya yi zaɓe, ranar da ya koma da kukan gari za a dube shi a ce an riga an sallame shi. Dokar zaɓe ma ta hana cinikin ƙuri'a, mai bayarwa da mai karɓa duka masu laifi ne a gabanta.

Waɗanda gari ya aika musamman, su kam kada su karɓi kome a ɓoye. In baƙo ya ba da wani abu don jama'a, a faɗa a fili, a ƙirga a gaban shaidu, a sa shi a aikin da kowa zai gani. Wakilin da ya shiga da takardar gari ya fito da babur sabo, ko bai yi laifi ba, ba wanda zai sake yarda da shi.

'Ya'yanmu

Iyaye, ranar taro ku san inda 'ya'yanku su ke. Ba kowane mai bin ayarin babban mutum ne ya gan shi ba. Waɗansu samari a kan cika su a bayan mota, a ba su ƙwaya da gora da ɗan abin kashewa, su yini suna ihu. In faɗa ya tashi su ne a gaba, su ne a asibiti, su ne a hannun 'yan sanda, 'ya'yan mai gidan kuwa suna makaranta. Ku zauna da su tun yau ku yi musu wannan lissafi. Yaron da ke sha'awar siyasa kada a hana shi, a sa shi ya rubuta takardar gari, ya ƙirga azuzuwa, ya tsaya kusa da dattawa ya ji yadda a ke magana.

Mata masu ciki da masu goyo da tsofaffi kuma su nisanci ƙofa da wurin rabo. A watan Fabrairu 2019 a Fatakwal mutum fiye da 10 suka mutu a turmutsitsi bayan wani babban taron yaƙin neman zaɓe. Ba turmin atamfar da ya kai ran mutum.

Bayan ƙura ta lafa

Aikin gaske sai mota ta tafi ya ke farawa. A daren nan a tara jama'a, wakilai su faɗi abin da suka ce da abin da aka amsa musu, ba ƙari ba ragi. A rubuta a littafi, a ajiye wurin amintacce. In ranar da aka sa ta zo, a haɗa kuɗin mota a aika mutum biyu da kwafin takarda. In ba a same shi ba a sake komawa. Kakanninmu sun yi shekara 29 suna bin magana ɗaya, mu kada mu gaji a zuwa na biyu.

In ya cika alkawari, a gode masa a fili, a faɗa a kasuwa, a faɗa a rediyo in da hali, ko da ba ɗan jam'iyyarmu ba ne. Wanda ya yi aiki aka yi shiru, gobe sai ya ga rabon taliya ya fi masa riba. In kuwa bai cika ba, littafi yana nan. Ranar da ya komo neman ƙuri'a sai a buɗe a karanta masa, da kwanan wata, da ladabi. Alkawari kaya ne, ba mu muka ɗora masa ba, shi ya ɗauka da bakinsa.

Muna roƙon kowane gida ya yi wannan zance a wurin cin tuwon dare. Mai gida ya tambayi uwar gida da yara: in gobe aka ba mu minti biyu a gaban gwamna, wace magana ɗaya za mu faɗa, wadda za ta amfani maƙwabcinmu kamar yadda za ta amfane mu? In an sami amsa, a kai ta wurin dattawan unguwa tun jiniya ba ta yi kuka ba.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin kukan talaka, mu kuma ya ba mu bakin faɗa musu gaskiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.